Malam A-Sake ya riga mu gidan gaskiya

Zauren tsofaffin ɗalibai, 'yan ajin 1982

Talata

Monita: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan'uwa, Allah ya yi wa malaminmu rasuwa, wanda ya koyar da mu a aji uku da aji shida, Malam A-Sake. Ya cika jiya bayan isha'i a gidansa, bayan ya sha jinya. An yi jana'izarsa yau da hantsi a ƙofar gidan dagaci. Ni kaina sai da aka dawo daga maƙabarta sannan Bakanike ya kira ni. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Hajiya Nas: Allahu Akbar! Malam, lokaci ya yi. Allah ya yi masa rahama.

Mai Shago: Allah ya haskaka kabarinsa. Ashe ba shi da lafiya? Wallahi ban ji ba.

Na Legas: Kai, jikina ya yi sanyi. Shi ne ya rubuta sunana a rajista a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta fara UPE, shirin nan na karatun firamare kyauta ga kowane yaro. Mai unguwa na bi gida-gida yana tattara yara, Innarmu ta ɓoye ni a rumbu ta ce na tafi kiwo. Tari ne ya tona ni. Da aka kai ni, na tarar da Malam zaune a inuwar bedi da tebur, ya ce in ɗora hannu bisa kai in kama kunnen ɗaya gefen. Hannuna bai kai ba. Na fara murna zan koma gida, sai ya dube ni ya ce, "Kafin damina ta zagayo zai kai," ya rubuta.

Mai Shago: Har yau ma hannun naka bai kai ba, gajere.

Na Legas: Allah ya shirye ka, ranar makoki ma ba ka bari.

Injiniya: Tun da na ga saƙon Monita na kasa taɓuka komai a ofis. Wa ya tuna da angurya? A aji uku littafin lissafi guda ɗaya ne tak, shi ma a hannun Malam yake. Sai ya sa kowa ya zo da angurya a gwangwanin tumatir, muna ƙulla goma-goma a tsumma. Ƙulli ɗaya sule ne, ƙulli goma naira. A lokacin naira da kwabo ba su daɗe ba, a 1973 aka canza kuɗi, iyayenmu kuwa da fam da sule da sisi suke lissafi, sai an juya musu.

Da kaka ta yi, Babanmu ya kai audugarsa fuloti, na bi shi don in riƙe jaki. Ana ɗora buhu a sikeli, akawu na faɗa, ni kuma ina rubutawa da guntun fensir a bayan kwalin sukari. Da aka zo biya, na ga abin da aka ƙirga wa Baba bai yi daidai da nawa ba. Na ja masa riga, ya ce in yi shiru, manya na magana. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce "A sake!" da irin muryar Malam ba. Mutane suka fashe da dariya. Akawun ya harare ni, amma ya sake, sai ga naira uku da sule huɗu sun fito. Washegari da sassafe Baba ya kama zakara ya kai wa Malam har makaranta. Malam kuwa bai yi fulako ba, ya karɓa ya ɗaure shi a bayan kekensa, zakaran na ta cara har aka tashi tara. Daga ranar Baba bai ƙara hana ni zuwa makaranta don cirar auduga ba.

Hajiya Nas: Keken nan Rali baƙi, mai madubi biyu! Da kuɗin Udoji ya saye shi, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata zamanin Gowon. Shi da bakinsa ya faɗa mana. Duk Juma'a sai an zaɓi mutum biyu sun goge shi, har faɗa muke yi a kan wa zai goge.

A kan keken nan ya zo gidanmu sau uku a 1982. An riga an karɓi kayan sa rana, ana jira in gama aji shida. Zuwan farko Baba bai ko fito ba. Na biyu ya fito suka gaisa a tsaye. Na uku Malam ya zo da la'asar ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya yi magariba a nan, ya yi isha'i a nan, har aka fito masa da tuwo. Ina laɓe a bayan ƙyaure. Ban ji ya yi wa Baba wa'azin boko ba ko kaɗan. Tambayarsa kawai ya yi: lokacin da Inna ta sha wahalar haihuwar ƙaninmu aka kai ta asibiti Funtuwa, wa ya duba ta? Baba ya yi shiru, don namiji ne, kuma abin ya daɗe yana cinsa. Shi ke nan. Shekarata 31 ina karɓar haihuwa.

Uwar Biyu: Ni ma ya je gidanmu, Hajiya, amma ni bai yi nasara ba. Daga aji biyar aka cire ni. Ranar da zan daina zuwa ya ba ni littafin rubutu sabo da biro, ya ce kada in bari hannuna ya mance. Wannan rubutun da kuke karantawa ni nake yi da kaina, ba ɗana ba. Allah ya saka masa.

Hajiya Nas: Amin, 'yar'uwa. Kin sa ni kuka.

Mai Shago: Ni taken ƙasa nake tunawa. Muna shiga aji uku a 1978 aka canza shi, ya tsayar da mu a rana muna maimaitawa layi-layi, ba mu san ma'anar ko kalma ɗaya ba. A sake, a sake, har maƙogwaro ya bushe. Da aka koma tsohon taken a 2024, shi na fara tunawa. Na ce yau ga ƙasa guda an ce mata a sake.

Bakanike: Salamu alaikum. Yanzu na shigo daga gidan makokin. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Allah ya jiƙan Malam. Amma ni zan faɗi nawa, ko da ba zai yi daɗi ba. Ni ba zakara na tuna ba, tsumagiyar tsamiya na tuna. Harafin b da d suka hana ni sakat, in na duba allo sai in ga duk ɗaya ne, balle a zo kan ɓ da ɗ. Kullum sai na sha shida a tafin hannu, wani lokaci a gadon baya. Akwai ranar da na yi fitsari a wando a gaban aji, wasunku na nan, kun yi dariya. Ba talauci ne ya fitar da ni daga makaranta a aji biyar ba, tsoro ne. In fito da allo daga gida, in wuce bakin titin jirgi in zauna har a tashi.

Ustaz: Haba ɗan'uwa. Ko kwana ɗaya bai yi a kabari ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana zagin mamata, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ka goge wannan don Allah.

Bakanike: Ban zage shi ba, Ustaz. Abin da ya faru na faɗa. Kuma na yafe masa duniya da lahira tun ba yau ba.

Na Legas: Duk mun sha bulalar nan ai. Ita ta sa muka zama mutane. Yaran yanzu da ba a taɓawa, ga su nan muna gani.

Uwar Biyu: Kai ta gyara ka, shi ta kore shi. Ba ɗaya ba ne.

Injiniya: Gaskiya ina cikin waɗanda suka yi dariya ranar. Ka yafe ni, mutumina.

Malama: Ku bar shi ya faɗa, kada a goge komai. Shekarata 34 da alli a hannu, na san abin da Bakanike yake nufi. Akwai yaran da haka Allah ya yi su, haruffa na juya musu, kuma ba daƙiƙai ba ne. Sau da yawa ma sun fi kowa basirar aikin hannu. Yanzu a kwas ana koya mana yadda za a bi da su, a rubuta harafin a ƙasa da yatsa, a ƙera shi da laka, a ware masa lokaci shi kaɗai. A zamanin Malam wa ya san wannan?

Ku tuna halin da ya karɓe mu. Da UPE ta zo, yaran da suka fito sun fi abin da aka shirya wa nesa ba kusa ba. Babu azuzuwa, babu malamai, har waɗanda ba su gama samun horo ba aka ba su alli. Shi mai shaidar koyarwa ta Grade II ne, shi ya sa komai aka jibga masa: rajista shi, asambuli shi, lambun makaranta shi. Mun haura 70 a ajinmu, rabi a ƙasa. Ba ina wanke bulala ba ne. Ni ma na yi duka a farkon aikina, kuma akwai fuskoki biyu da har gobe in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Amma mutumin nan da furfurarsa ya koma ɗalibi, da aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Ta NTI ya yi, cibiyar nan ta horar da malamai da ke Kaduna, karatun Asabar da Lahadi. A benci ɗaya muka zauna da shi. Ranar farko na kasa ɗaga kai don kunya, shi kuwa ya miƙo mini littafinsa ya ce, "Malama, duba mini ko na yi daidai."

Ustaz: To, na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Laraba

Bakanike: Jiya ban ƙarasa ba, caji ya ƙare. Ba don in ɓata shi na kawo maganar duka ba. Ku duk kun tafi, Kaduna, Kano, Abuja, Legas. Ni na zauna a gari. Kafin in koma gyaran babur, faci nake yi a bakin kasuwa, kuma keken nan da kuke yabo ni nake gyara shi fiye da shekara 30. Wata rana ina cire masa ƙaya a taya, yana zaune a kan benci, sai ya ce, "Na dake ka da yawa. Ban san yadda zan koya maka ba ne, sai na huce a kanka. Ka yafe mini." Ban iya ce masa komai ba, na dai ƙi karɓar kuɗin facin. Tun daga ranar muka zama kamar ɗa da uba.

Abin da ya ƙona mini rai jiya shi ne Mai Shago da ya ce ashe ba shi da lafiya. Shekara uku yana fama da ciwon suga da hawan jini. Tun da ya yi ritaya a 2009, bayan shekara 35 yana aiki, sai da ya yi shekaru yana zarya kafin garatutinsa ya fito, shi ma guntu-guntu. In aka kira tantancewar 'yan fansho, ni nake ɗaukarsa a babur. Na ga Malam a layi tun hantsi har azahar, da fayil a hammata, wani yaro sa'an jikansa yana daka masa tsawa wai hotonsa ya tsufa, ya je ya sake. Da muka fito ya yi dariya ya ce, "Ka ga an rama muku." Ni ban yi dariya ba.

A wajen jana'iza na duba sahu. Cikin 'yan ajinmu mu uku ne. Zauren nan mu 46 ne.

Mai Shago: Ba ni da bakin magana. Kantina bai fi tafiyar rabin awa da gidansa ba.

Na Legas: Amma Bakanike, kai ma da laifinka. Shekara nawa muna zauren nan, ana turo hoton biki da na suna, me ya hana ka faɗa mana?

Bakanike: Na faɗa. Ka koma baya, azumin bara. Na rubuta cewa Malam na kwance, mai hali ya taimaka. Mutum huɗu suka ce Allah ya ba shi lafiya. Daga nan aka ci gaba da musun siyasa.

Monita: Na duba, haka ne. Ni ma ina cikin huɗun. Wannan nauyi a wuyana yake, tunda ni ke riƙe da zauren.

Injiniya: Abin da ya wuce ya wuce, sai istigfari. Ga shawara: mu haƙa rijiyar burtsatse a makarantar, mai sola, a sa allo da sunansa. Sadaka mai gudana ke nan, ladan na isa gare shi. Ni zan ɗauki kuɗin binciken ƙasa da rabin na haƙa.

Na Legas: Na goyi baya. A yi wa ƙungiya rajista, a buɗe asusu, ranar buɗewa a gayyaci shugaban ƙaramar hukuma da 'yan jarida. A daidaita da 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya.

Hajiya Nas: Ku dakata tukuna, maza. Kuna maganar allo da 'yan jarida, akwai tsohuwa a ɗaki da za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wa ya tambayi abin da za ta ci? Autarsa kuma na ji tana kwalejin ilimi ba ta gama ba.

Ustaz: Kafin duk wannan ma akwai bashi. Shi ake fara biya kafin a raba gado, kuma ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Wanda ya yi shekara uku yana jinya da kuɗin fansho, da wuya a ce babu. A bincika a asirce.

Malama: Rijiya abu ne mai kyau, amma Injiniya, yaushe rabonka da makarantar? Ajin da muka yi aji shida iska ta yaye rabin kwanon, da damina haɗa su ake yi da 'yan aji biyar. Burtsatse nawa muka gani an buɗe da tafi, bayan shekara famfo ya lalace babu mai gyara? In don Malam za a yi, a rufa ajinsa a sa benci.

Injiniya: Ruwa ya fi kwano lada, Malama. Kuma duk gari zai sha.

Malama: Ban san ma'aunin lada ba, wannan sai Ustaz. Na dai san inda yara ke zama.

Mai Shago: Ni dai a fara zuwa gaisuwa. Gobe ne sadakar uku, mu haɗu a can.

Ustaz: Ta'aziyya dai, Alhaji. Wannan taron na uku da bakwai da arba'in...

Monita: Ustaz, Mai Shago, don girman Allah ba a nan ba. Mun yi wannan muhawarar lokacin rasuwar mahaifiyar Na Legas, har mutum biyu suka fita daga zaure. Kowa ya je ranar da ta yi masa. Na sa 'yar Malam ta biyu a zauren da izininta, tana son ta yi mana godiya.

'Yar Malam: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mun ga saƙonninku, na karanta wa Inna wasu, ta yi ta kuka tana sa muku albarka. Labarin zakara ta ce ta tuna, ita ta dafa shi, tana amarya. Baba yana yawan ambatonku. 'Yan UPE na farko yake ce muku, wai ku ne kuka fi ba shi wahala. Duk wanda aka ce ya zama wani abu a cikinku sai ya ce, "Yarona ne." Bai taɓa cewa kun manta da shi ba, ko sau ɗaya ban ji ba.

Tunda Baba Ustaz ya tambaya, ba zan ɓoye ba. Akwai bashin magani a kemis, da na masara buhu biyu. Akwai kuma na Kawu Bakanike, wanda ya hana mu ko ambata. Keken yana nan a zaure. Baba ya ce a ba shi.

Bakanike: Babu bashi tsakanina da Malam. Kada a ƙara tayar da maganar. Keken kuma na karɓa.

Hajiya Nas: Sannu 'yata, ya ƙarin haƙuri? Ki gaishe da Inna. Turo mini jimillar ta waya, ni da ke, ba a zaure ba.

Monita: To ga yadda na fahimta, wanda bai yarda ba ya yi magana. Bashi da abincin gida tukuna, Hajiya Nas ce za ta tattara, kowa abin da ya sawwaƙa, ba za a wallafa sunaye ba. Kuɗin makarantar auta na biye. Rijiya ko kwano, sai mun je mun gani da idonmu.

Injiniya: Na yarda, amma ban janye rijiyar ba.

Na Legas: 'Yan jaridar fa?

Uwar Biyu: Ka bari sai taka jana'izar.

Bakanike: Wani abu kuma. Malamin Arabiyya da ya koya mana alwala a bakin rijiyar makaranta yana nan da ransa. Yana Bakori wurin ɗansa, idonsa ya tafi, amma kunnensa garau. Jiya aka gaya masa rasuwar, ya ce saura shi kaɗai cikin waɗanda suka karɓe mu a 1976.

Mai Shago: Subhanallah, ni na ɗauka ya daɗe da rasuwa.

Malama: Daga Funtuwa zuwa Bakori ai ba nisa. In mun fito daga gidan makoki sai mu wuce.

Monita: Asabar ke nan. Masu tasowa daga Kaduna da Kano mu haɗu a Zariya da ƙarfe tara, don mu juyo da wuri, kada dare ya yi mana a hanya. Bakanike, ka tambayi ɗan nasa irin maganin da yake sha.

Injiniya: Motata na ɗaukar mutum huɗu. Malama da Ustaz sun kama wuri, saura biyu.